Zanen da Ya Goyi Bu Sarmini

Bu Sarmini, wato Inna Sarmini, ta fara dako a kasuwar Beringharjo tun tana budurwa, da zanen goyon da mahaifiyarta ta bar mata. Dogon zane ne ruwan ƙasa, tsakiyarsa ta koɗe saboda gumi. Da shi ta goyi buhunan albasa da na barkono daga bakin titi zuwa benen sama, da shi ta goyi dilolin yadi, da shi kuma ta goyi ɗanta Danang har ya yi ƙafa. Yanzu ta ba hamsin baya. Gajeruwa ce, mai kaurin sangali, tana da wushirya da wata dariya da masu kayan yaji ke ganewa tun ba ta iso layinsu ba.

Mijinta, Pak Wiryo, wato Baba Wiryo, gyaran keke yake yi da faci a rumfar ƙofar gidansu, a lungun da ke gangarawa kogi. Ba mai yawan magana ba ne, tun can ma. Danang ya rasu yana shekara goma sha bakwai, da zazzaɓin nan da sauro ke kawowa da damina. A kwanakin farko uban ya ɗauka iska ce ta shige shi, irin wadda ke kawo kasala da ciwon gaɓoɓi, ya yi masa abin da kowane uba a lungun zai yi: ya shafe shi da man kwakwa da man zafi, ya kankare masa baya da tsohuwar kwandala har jan layi ya fito. Daga baya a asibiti likita ya gaya masa cewa ba man ne ya cuci yaron ba. Pak Wiryo ya gyaɗa kai, bai sake ta da maganar ba. Har yau tana kiransa Baban Danang, yana kiranta Maman Danang.

Ya daɗe bai taɓa kwalbar man nan ba. Ita ce wata rana ta ɗauko ta daga bayan kwano, ta ajiye masa a cinya, ta juya masa baya ta zauna. Tun daga ranar, kullum in ta dawo daga kasuwa suka yi azahar, sai ya rufe rumfa, ya shafe mata kafaɗu da baya da hannuwa, in ta yi tari ko atishawa ya ɗauko kwandala. Ba sa magana a lokacin. Duk hirarsu ta yini ke nan, kuma ta ishe su.

Wata Asabar wata yarinya siririya mai suna Laras ta karɓi saƙon yadi a wani shago na benen sama. Dilar ta kusa kai ta tsawo. Ta tsaya tana jin kunyar ɗora wa sa'ar uwarta kaya.

"Bu, ko mu riƙe tare?"

"Nduk, 'yata, in muka riƙe tare sai gobe mu isa," in ji Bu Sarmini. "Ɗaga min gindinta kawai, ki wuce gaba."

Laras ta wuce gaba, suka tsallaka titi, suka shiga wani tsohon sito na taba da ke bayan kasuwa. Rufinsa can sama, da manyan ƙarafa a gicciye. Daga ƙarafan wasu dogayen yadika ja da shuɗi sun zubo har ƙasa, a ƙarƙashin kowanne da katifa mai kauri. A jikin ɗaya wata mata ce ke reto, ƙafa a sama, kai a ƙasa, gefen hijabinta yana lilo.

Bu Sarmini ta saki dila. "Subhanallahi! Wa ya ɗaure baiwar Allah a can?"

"Ita ta hau da kanta, Bu, ita kuma za ta sauko."

"Me ta je ɗaukowa?"

Laras ta yi dariya har da riƙe ciki. Matar ta juyo a hankali, ta warware zanen daga ƙugunta, ta sauko hannu bayan hannu, ta gaida Bu Sarmini kamar wadda ta fito daga kicin. Ashe ma'aikaciyar gidan waya ce, mai 'ya'ya biyu.

Bu Sarmini ta je ta kama jan zanen ta ja, ta murza shi tsakanin yatsu. Duk rayuwarta zane a kanta yake, ita a ƙarƙashi, kaya a sama. Ba ta taɓa tunanin akwai zanen da aikinsa shi ne ya ɗauki mutum ba. Laras, wadda ita ce malamar wurin, ta lura da tsayuwar da ta yi. Ta ce ranar Talata bayan la'asar tana koya wa matan unguwa, akwai shayi, ba a korar kowa.

Washegari a gindin matakala ta ba Yu Painem labari. Yu Painem, wato Yaya Painem, ta girme ta, tare suke dako tun suna 'yan mata, kuma bakinta ba ya hutawa ko da buhu a bayanta.

"Wato ke da tsufanki jemage kike so ki koma?"

"Kallo kawai zan je, Yu."

"Haka kika ce ranar da aka kawo Wiryo gidanku. Kallo kawai."

A gida kuwa ta gaya wa mijinta cewa motsa jiki ne na mata. Ba ta yi ƙarya ba. Ya ɗauka irin wanda ake yi ne a filin unguwa ranar Lahadi, da kiɗa da tafi, ita kuma ba ta gyara masa ba. Ta san shi. Mutumin da ba ya barin ta hau kujera ta sauya ƙwan lantarki, ba a fara masa maganar rufin sito.

Talatar farko ta zo da niyyar hawa. Laras kuwa ta tare su a ƙofa da ƙaramar tasa.

"Allurai, fil, zobe, awarwaro, 'yan kunne, duk a nan. Ƙarfe ɗaya ya isa ya yaga zane, zanen da ya yage kuma ba a ɗinke shi a hau."

Sauran matan suka zuba ɗaya-ɗaya, biyu-biyu. Bu Sarmini ta fara da na hijabi, ta koma na wuyan riga, ta ciro wanda ke riƙe da jakar kuɗinta a ƙirji, ta tuna da wanda ya maye gurbin maɓalli, har tasar ta fara ƙara kamar ana zuba tsakuwa.

"Bu," in ji Laras, "in na cire sauran, ba za ki warwatse ba?"

Zoben aurenta ya ƙi fita, yatsar ta yi masa kauri tun da daɗewa. Aka naɗe shi da filasta. Sannan Laras ta ɗaga hanci ta shaƙi iska.

"Wa ya shafa man zafi?"

Kusan duk ɗakin ya ɗaga hannu. Ta tura su famfo da sabulun wanke-wanke, ta ce wannan doka ta fi ta fil girma: ranar Talata babu mai, babu man shafawa, babu komai a fata. Zanen ba ya da abin da zai riƙe mutum da shi sai busasshiyar fata da busasshen tufafi. Ta ce kuma kowacce ta zo da wando har idon sawu da riga mai rufe hammata, kada ta cika ciki da shinkafa.

Aka yi ta juya kafaɗu da wuyan hannu har Bu Sarmini ta gaji da jira. Da Laras ta juya baya, ta kama zanen da hannu biyu ta ja kanta sama. Ƙafafunta ba su bar katifa ba. Ta sake ja, ta yi nishi, sai diddigenta kawai ya ɗaga. Ita da ke hawa bene da buhu biyu, sai ga ta tsaye tana kallon hannuwanta.

"Ashe 'yan hutu nake ciyarwa," in ji ta. "Baya da ƙafa ke wahala, waɗannan suna cin tempe, awarar waken soya."

"Gara da ba ki hau ba," in ji Laras. "Da kin hau, ta ina za ki sauko? A nan sauka ake fara koyo. Wadda ta sulalo, zanen zai ƙone mata tafi kamar ta kama tukunya."

Ta ƙulla gefe biyu na yadin wuri ɗaya daidai ƙugu, ƙullin ya zama kamar wurin zama. Makonni aka yi a nan: zauna a ƙulli, jingina, tsaya a kansa da ƙafa ɗaya, sauko a hankali. Ba a wuce tsayin tebur ba. Bu Sarmini ta yi ta mita, amma ba ta fasa zuwa ba. Abin da ba ta gaya wa kowa ba shi ne, karon farko da ta zauna a ƙullin ta ɗauke ƙafafunta, zanen ya rungume mata baya ya kaɗa ta kaɗan, ta ji wani nauyi da ba ta san tana ɗauke da shi ba ya sauka.

Wata rana ana shan shayi ta ce da Laras ta sayar mata da guntun yadi, ta riƙa gwadawa a gida. Tana da ƙugiya a azarar ɗakinta, mai ƙarfi ce, Baban Danang ne ya kafa ta da kansa.

"Me aka rataya a jikinta?"

"Zanen lilon jariri."

"To ki bar wa jariri, Bu. Ƙarfen nan na sama injiniya ne ya duba shi, duk da haka kullum sai na hau tsani na leƙa. Azarar gida ba ta ɗaukar babba in ya fara motsi. Kuma ba a hawa zane ba kowa a kusa, ko ni ba na yi." Ta ƙara mata shayi. "Jika ake jira, ko?"

"A'a. Ta ɗana ce. Ya rasu. Ba mu cire ba ne kawai."

Laras ta ce Allah ya ji ƙansa, ta tura mata farantin soyayyar ayaba. Bu Sarmini ta ɗauki biyu, aka ci gaba da hira.

Matsalar kuwa tana gida. Tun da ta fara zuwa sito take dawowa da ciwon hannu da na haƙarƙari, Pak Wiryo kuma ya yi lissafinsa irin na mai gyara: inda abu ke ƙara, nan ake ƙara mai. Ya tambaye ta ko akwai fanka a wurin motsa jikin, ta ce akwai. Ya ce shi ke nan, gumi da fanka, iska ce ke shigarta. Daga nan ya mai da Talata ranar babban shafi. Ya bi damatsa, ya bi tafin hannu yatsa-yatsa, ya bi ƙugu da bayan gwiwa, wai riga-kafi.

Sau da yawa ta buɗe baki ta ce ya bari, sai ta tuna tsawon lokacin da kwalbar nan ta yi a bayan kwano. In ta ce a daina, zai tambayi dalili. In ta faɗi dalili, dole ta ambaci rufin sito, kuma dole ta ce masa mansa yana iya kayar da mutum. Wannan ta biyun ce ba ta san da wane baki za ta faɗa ba. Sai ta riƙa fita da wuri, ta biya famfon kasuwa, ta dirje jikinta da sabulu da lemun tsami. Laras takan shinshina ta ce, "Bu, yau miya kike ƙamshi," ta bar ta ta wuce.

Ranar da aka ce za ta fara juyawa kai ƙasa, barci ya ɗauke ta bayan shafin, ta tashi a makare. Ta wanke hannu a gurguje ta shiga. Laras ta sa mata ƙullin a ƙasan baya, ta nuna mata inda za ta riƙe, ta ce ta jingina baya a hankali ta buɗe ƙafafu su maƙale zanen, ita kuma ta tsaya a bayanta. Bu Sarmini ta jingina. Da gumi ya keto, man da ke damatsanta ya gangaro tafi, wanda ke ƙugu kuma tuni ya ratsa riga. Hannuwanta suka sulale, ƙullin ya zame sama, ta tafi gaba ɗaya. Laras ta tare mata kai da kafaɗu, sauran jikin ya faɗa katifa, tim!

Ba ta ji ciwo ba, in ban da tafin dama da zanen ya goge ya yi ja. Ta fara dariya, sai ta ga Laras ba ta yi. Malamar ta ware zanen a gaban haske. Ga tabon mai nan dogo, daga wurin riƙo har ƙulli.

"Yanzu sai an sauke shi an wanke, ya kwana biyu yana bushewa," in ji Laras, muryarta ƙasa-ƙasa don kada sauran su ji. "Da ban gani ba, wadda za ta hau zanen bayan ke fa? Ita a sama take wasa, ba a tsayin tebur ba. Ina son ki, Bu, kin sani. Amma ba za ki sake taɓa zane ba sai kin zo min da jikin da bai ga mai ba tun safe. Wanki a famfo ba ya fitar da shi. Ki gaya wa Pak Wiryo kawai."

"Ba zan iya ce masa mansa ya kayar da ni ba, Nduk."

"Don me?"

Bu Sarmini ta tafi wajen tasa ta fara tsince fil ɗinta.

Talatar da ta biyo ba ta je ba. Ta ce masa malamar ta yi tafiya. Ta kwanta yana shafa mata baya, idonta a kan ƙugiyar azara, tana jin ƙafafunta suna neman ƙulli. Da ya zo tafin dama ya juya shi ya duba jan layin, ya daɗe yana dubawa.

Yu Painem ce ta fasa maganar. Talata ta gaba da rana suka dawo tare daga kasuwa, ta tsaya a rumfa wai a sa wa keken jikarta iska.

"Wiryo, ka gode wa Allah da jemagenka bai karye ba. Na ce mata tun farko, wanda ya haura hamsin ba ya lilo a rufi."

Famfon iska ya tsaya a hannunsa. "Wane rufi?"

Yu Painem ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce ta tuna ta bar wake a wuta, ta ja keken da tayarsa a kwance.

A ɗaki ya yi tambayoyi fiye da na wata guda. Nawa ne tsayin wurin? Ƙarfe ne ya saki? Zane ne ya yage? Malamar ce ta sake ta? Kowacce ta ce a'a, ya ce to mutum ba ya faɗuwa haka kawai, akwai abin da ya lalace, kuma zai je ya ji daga bakin yarinyar da ke rataye matan mutane. Ranar, karo na farko cikin shekaru, azahar ta wuce bai ɗauko kwalba ba. Bayan la'asar ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya goya ta a keke, suka nufi sito.

Laras ta tarbe shi da ladabi, ta ce ya duba duk abin da yake so. Ya kuwa duba. Ya danna katifa da gwiwa. Ya hau tsani, shi da ba ya son kujera, ya leƙa ƙarfen da zoben da zanen ke ciki, ya ƙwanƙwasa, ya murɗa, ya nemi tsatsa bai samu ba. Ya sauko yana goge hannu a wando, da fuskar wanda aka kawo wa keke lafiyayye aka ce ya gyara.

"Aikin yana da kyau," in ji shi, kamar ana cire masa haƙori. "To me ya kayar da ita?"

Laras ta dubi Bu Sarmini. Matan ajin, da ke ta yi kamar suna juya kafaɗa, suka tsaya cak. Bu Sarmini ta ga in ta yi shiru yarinyar nan za ta ɗauki laifin da ba nata ba. Ta roƙi Laras wani tsohon guntun yadi da aka daina hawa, aka rataya shi ƙasa-ƙasa a kan katifa.

"Baban Danang, kama nan. Ka ɗauke ƙafarka."

Ya kama. Hannuwan mai gyaran keke ne, da baƙin mai a kowace tsaga, da man kwakwa na shekaru a ƙarƙashinsa. Ya ɗauke ƙafa, ya sulalo kamar kifi, ya zauna daɓas a katifa da rigarsa ta ɗaurin aure. Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki. Ya buɗe tafukansa yana kallo. Ya dubi baƙin layin da ya bari a yadin. Ya dubi hannunta na dama.

"Man ne," in ji shi.

"Man ne."

Ya tashi, ya nufi ƙofa, ya fara neman silifansa a cikin na mata. Ta bi shi ta tsaya a gefensa.

"Da hannuna," ya ce, bai ɗago ba. "Na sake..."

"A'a. Ni na san dokar, kai ba ka sani ba, ni na ɓoye maka. Ga ni tsaye, dube ni. Mazaunaina kawai suka bugu, su kuwa sun ga abin da ya fi haka a matakalar kasuwa." Ta taka silifan da ƙafa don kada ya sa. "Kuma ban ce na daina so ba. Bayan magariba nake so. A lokacin ma ciwon ke tashi, ka tambayi kowacce a nan."

"Wallahi, Pak," in ji matar gidan waya daga can, "da mijina ya iya rabin abin da ake cewa ka iya, da na daina yi masa faɗa."

Bai yi dariya ba, amma ya daina neman silifa. Laras ta matso ta tambayi Bu Sarmini ko ta ga mai yau. Ta ce ko ɗigo. Laras ta shinshina wuyanta da gwiwar hannunta kamar mai sayen kankana, ta gamsu. Sannan ta juya wajen Pak Wiryo ta ce tana neman hannu biyu na ƙari, amma wankakku.

Wankin hannun nan ya zama abin kallo. Aka ba shi sabulun wanke-wanke, aka yanka masa lemun tsami, wata ta kawo buroshi. Ya dirje har gwiwar hannu, Laras ta duba ta ce a sake. Matan suna ta ba shi shawara. Da ya gama, Bu Sarmini ta ce rabon da ta ga launin tafinsa tun ranar aurensu.

Laras ta sa ƙullin a ƙasan bayanta, ta shafa mata garin ƙaro a tafi don ya hana santsi. Ita ta riƙe ƙugu, ta tsayar da shi a baya, tafukansa a buɗe a ƙarƙashin kafaɗun matarsa.

"Kada ka ɗauke ta, Pak. Ka bi ta kawai. In na ce kama, sai ka kama."

Bu Sarmini ta yi bismilla ta jingina. Hannuwanta suka riƙe. Ƙafafunta suka tashi, suka buɗe, suka maƙale zanen, rufin sito ya juya ya koma ƙarƙashinta. Ta ji ƙashin bayanta, wanda buhuna suka daɗe suna dannewa, yana buɗewa gaɓa bayan gaɓa, har da 'yar ƙara.

"Saki hannu ɗaya, Bu," in ji Laras. "Yanzu ɗayan."

Ta saki. Ba abin da ya riƙe ta sai zane. Ta buɗe ido ta ga mijinta a juye, gumi na ɗiga daga haɓarsa, hannuwansa a buɗe a iska, ba su taɓa ta ba, ba su kuma matsa ba.

"Baban Danang."

"Me ya faru? In kama?"

"Ashe gashin hancinka ma ya yi furfura."

Sito ya ɗauki dariya. Shi ma wani sauti ya kuɓuce masa, wanda ta daɗe ba ta ji ba, ya yi sauri ya mai da shi tari. Laras ta dawo da ita a hankali, ta zaunar da ita a katifa ta ce kada ta miƙe sai jirin ya wuce. Ya tsuguna a gefenta, ya rasa abin yi da wankakkun hannuwansa, sai ya gyara mata hijabi.

Yanzu kowace Talata yana rufe rumfa da wuri. Ya goya ta a keke, kwalbar tana cikin leda a rataye a hannun keken, a nan take tsayawa, ba ta tsallaka ƙofar sito. Ya zauna a benci kusa da tasar fil, in sabuwar ɗaliba ta zo tana ƙamshin man zafi sai ya yi gyaran murya ya nuna mata famfo, tun Laras ba ta ɗaga hanci ba. Bu Sarmini ta iya hawa kaɗan yanzu, daidai tsayin kan malamarta, kuma ta fi alfahari da saukarta, hannu bayan hannu, ba ƙuna. Ba ta gaggawar wuce nan. Da safe tana nan a gindin matakala da zanenta ruwan ƙasa, tana jiran masu albasa.

Yu Painem ma ta fara zuwa. Takan zauna a ƙarshen benci da jakar gyaɗa, tana yi wa kowa sharhi. Makon jiya aka gan ta tana ciro fil daga hijabinta tana zubawa a tasa.

"Ya aka yi, Yu?" in ji Bu Sarmini daga kan ƙulli.

"Kallo kawai na zo. Sukata suke yi."

Pak Wiryo ya shaƙi iska ta gefenta, ya nuna mata famfo.